Waƙoƙin da Sahara ta saurara ba wanda ya saya

Iyayena mata na kasuwa da ƴan'uwana ƴan tireda, yau zancen kiɗa na kawo muku, amma in kun duba da kyau zancen ciniki ne.

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga jihar Tawa, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani yanzu da Mdou Moctar, ya tsallaka Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko mai suna Anar. Da Tamashek ya rera, amma kayan aikin irin na mawaƙan finafinan Hausa ne, wato gangar inji da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Shi ne yaron da ya haɗa gitar ɗinsa ta farko da wayoyin birkin keke.

A lokacin kundin bai hau teburin mai sayar da kaset ba. Daga salula zuwa salula ya riƙa tafiya, ta bulutut da katin waya, har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji waƙarsa Tahoultine cikin wayoyin mutane. Bai tsaya ga kwafa ba. Ya yi cigiyar mai ita har ya same shi, ya sa ta cikin wani faifai da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, aka ba mawaƙin rabonsa. A 2014 aka buga Anar a faifai, a 2019 ƙungiyarsa ta fitar da Ilana, kiɗan rok na gaske da gitar lantarki, a 2021 kuma kamfanin Matador na Amurka ya fitar da Afrique Victime.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu da muka riga kowa jin waƙoƙin nan kyauta muka kwashe su, sai da baƙo ya zo daga ƙetaren teku aka yi maganar kuɗi.

Na san wasu za su ce ai yawon da waƙar ta yi kyauta shi ya ɗaga shi. Gaskiya ne, talla ce. To amma ke mai ƙuli-ƙuli, ɗanɗano kike bayarwa ko tire gaba ɗaya? Kuma shi ya yi sa'a an neme shi. Samari nawa ne a Birni da Zango suka ci bashi suka shiga situdiyo, waƙarsu ta zagaye gari, ko kuɗin kabu-kabu bai dawo musu ba?

Biyan makaɗi ba baƙon abu ba ne a Damagaram. Ma'azu Ɗan Alalo bai yi wa fada waƙa a banza ba, kuma babu uwar biki da za ta sallami makaɗa hannu rabbana, don ta san abin da za a faɗa a unguwa. Wannan kunyar ce ta ɓace da waƙa ta shiga waya. A kasuwar Dole kana miƙa ƴan daloli a cika maka kati, mai kwamfuta ya karɓa, wanda ya kwana yana tsara waƙar ko dala. Ban ga laifin yaran nan masu turawa ba, abinci suke nema, kuma yanzu WhatsApp ma ya rage musu kasuwa.

Shawarata, masu tura waƙoƙi su haɗa kai su zauna da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, a yanke wani abu da za su riƙa bayarwa duk wata, a raba wa mawaƙan da aka fi nema. Gidajen rediyo su ma su shiga ciki. Ku kuma iyayena, in bikin ɗiya ya tashi kuka kira samarin gitar, a yi ciniki tun kafin su ɗaura lasifika, a ba su rabi a hannu.