Mai alƙalami ne ke kayarwa: zare a kan 'yan hasashen resilin

1/ Jiya aka jefa ni cikin wani guruf na WhatsApp ba tare da an tambaye ni ba. Wai na "masana resilin". Ka biya dubu biyu a wata, su gaya maka wanda zai ci a WrestleMania, kai kuma ka je ka zuba kuɗi. Na duba lambobin da ke ciki, kusan goma na yaran garinmu ne. To yau sai na yi magana. Zaren da tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Kafin wani ya ce ɗan boko ya zo raina mana abin kallo: ni ɗan gidan kallo ne. A ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta, bencin gaba, kusa da igiyar inji, nan na girma. Na sha bulala a kan John Cena fiye da yadda na sha a kan hadda.

3/ Kuma na iya hasashen, ba yabon kai ba. Har "Malam Duba" ake kirana. In babban wasa ya matso sai a zagaye ni a teburin mai shayi, ina faɗa ana gyaɗa kai. Cikin wasa goma sai in canki bakwai ko takwas. Ba aljanu gare ni ba. Ga sirrin, kyauta, ba sai kun biya dubu biyu ba.

4/ Na ɗaya: resilin labari ne mai akta da bos, kamar fim ɗin Indiya. In bos ya daɗe yana wulaƙanta akta, to ana tara wa 'yan kallo haushi ne don a biya su a babban taro. Na biyu: wanda ya tsaya a kan abokin faɗansa yana ɗaga hannu a shirin ƙarshe kafin taron, sau da yawa shi ne zai faɗi.

5/ Na uku: kambu ba ya cika sauya hannu a ƙaramin shiri, ana ajiye shi ne sai ranar da ido ya yi yawa. Na huɗu: wanda zai tafi yin fim, ko zai je a yi masa aiki a gwiwa, ko kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, ba a bar masa kambu ya tafi da shi gida.

6/ Na biyar: ka saurari ihun jama'a. A 2019 ihun 'yan kallo ne ya tura Kofi Kingston, haifaffen Ghana, har ya doke Daniel Bryan ya ɗauki kambun WWE a WrestleMania 35. Shi ke nan ilimin. Karatun labari ne, irin wanda iyayenmu mata ke yi wa Labarina suna cewa "wallahi wance ba za ta aure shi ba."

7/ To amma kun taɓa ganin wanda ya ɗauki kuɗin cefane ya sa caca a kan yadda Aminu Saira zai ƙare zango na gaba? Babu. Kowa ya san alƙalamin a hannunsa yake, in ya ga dama ya kashe jarumin gobe. Me ya sa in an zo resilin sai hankalin nan ya gudu?

8/ Ba ni na ce rubutacce ne ba, su suka faɗa. A 1989 kamfanin da kansa, lokacin yana WWF, ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey a Amurka cewa abin da yake yi nishaɗantarwa ce, ba gasar gaske ba, don ya fita daga ƙarƙashin hukumar wasanni. Mai kaya ya ce rogo ne, kai ka dage kitse ne.

9/ Yanzu bari in tona wa kaina asiri. WrestleMania 39, Afrilun 2023, a Los Angeles. Cody Rhodes da Roman Reigns. Duk ƙa'idojin da na lissafa muku sun nuna Cody. Ya dawo daga jinyar tsokar ƙirjinsa da ta yage, ya ci Royal Rumble, yana neman kambun da babansa Dusty Rhodes ya mutu a 2015 bai taɓa riƙewa ba.

10/ Shi kuma Roman ya haura kwana 900 da kambu, ya zalunci kowa, har 'yan gidansa sun fara gajiya da shi. Labari ya nuna, saura a tsinka. Na tsaya a teburin mai shayi na ce in Cody bai ci ba a daina kirana Malam Duba. Ƙanena yana gefe yana ji. Shekararsa goma sha takwas a lokacin.

11/ Abin da ban sani ba: Baba ya sayar da wake ya sa an tura kuɗin asusun ƙanena, don lokacin takardar naira ta yi wuya. Kuɗin taki ne, a sayo kamfa tun kafin farashi ya tashi. Yaron nan ya kwashe su ya zuba wa Cody a wata manhajar caca. Da ya ci ma ribar ba ta taka kara ta karya ba, tunda kowa Cody ya zaɓa.

12/ Azumi ne fa, muna goma ta tsakiya. Wasan ya kai mu har lokacin sahur. Cody ya kusa gamawa, gidan kallo ya miƙe tsaye, sai ga Solo Sikoa, wanda alƙalin wasa ya riga ya kora, ya dawo ta bayan fage ya soke shi da babban yatsa a maƙogwaro. Roman ya ƙarasa. Ɗaya, biyu, uku.

13/ Ana ta ihu ana tsokanata, ni ina dariyar yaƙe. Na waiwaya na ga ƙanena ya dafe kai, jikinsa na rawa. A hanyar gida ya ce, "Yaya, ai kai ka ce." Wallahi har yau in na tuna muryar nan sai cikina ya juya. Ranar ko sahur bai iya yi ba.

14/ Baba bai ɗaga murya ba, da ma dukana ya yi da ya fi min sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Shi yaro ne. Kai da muka tura jami'a, karatun da ka kawo mana ke nan?" Ya ɗauki butarsa ya fita.

15/ 'Yan birni ba za su gane nauyin abin ba. A wajenmu ƙasa ba ta hutu. Gona manne da gona, sai layin gamba ko lalle a tsakani, kuma kowace damina sai an nome ta tun zamanin kakanni. In ba ka ba ta ba, ba za ta ba ka ba. Shekarar nan gonarmu ta bayan gari toka da kashin awaki kawai ta samu.

16/ Dawar maƙwabcinmu kore shar, tamu ta yi ɗorawa-ɗorawa, kamar an ja layi da zare. Duk wanda ya bi hanyar ya san akwai labari. Wani marubuci a Amurka ya ga ya fi masa riba a ja labarin zuwa baɗi, rumbunmu a Ɗambatta ya biya kuɗin.

17/ Na san me za ku ce: "Ai a 2024 Cody ya ci a Philadelphia, ya kawo ƙarshen kwana 1,316 na Roman. Hasashenka daidai ne." Ƙwarai. Na san inda labarin zai je, ban san yaushe ba. Kuma caca a kan "yaushe" ake yin ta. Manhaja ba ta dawo maka da kuɗi don ka yi gaskiya bayan shekara.

18/ A 2024 ɗin ma ai sun nuna mana alƙalami a fili. A watan Fabrairu an juya labari kamar The Rock ne zai kara da Roman, Cody ya ja gefe. Jama'a suka yi caa, cikin 'yan kwanaki aka mayar da Cody. Abin da masu shi ke gogewa su sake rubutawa a sati guda, shi wani yaro a Kurna zai sayar maka a matsayin tabbas?

19/ Ku tambayi masu guruf ɗin: wa ya hango 2014, ranar da Brock Lesnar ya kayar da Undertaker bayan nasara 21 a jere a WrestleMania? A 2015 kuwa Lesnar da Roman ne ke faɗa, Seth Rollins ya shigo da jakarsa ta Money in the Bank ana tsaka da wasa ya tafi da kambun. Wanda ba ya cikin wasan shi ya ci.

20/ Ga abin da ya kamata ku riƙe: masu rubutun sun san ƙa'idojin nan da na lissafa, su suka ƙirƙire su. Sun san me kake tsammani, kuma wani lokacin abincinsu shi ne su ba ka akasinsa don duniya ta kwana tana maganar. Iya hasashenka yana cikin lissafinsu. Kifi na ganinka, mai jar koma.

21/ Sannan tambaya mai sauƙi: in mai guruf ya san wanda zai ci, me zai yi da dubu biyunka? Ya zuba nasa mana ya yi shiru. Shi ya gano cewa kuɗin tabbas ɗaya ne a harkar nan, wato naka. In an dace ya ɗauki hoton allo ya yaɗa, in an faɗi ya goge saƙon ya ce "kamfani ne ya canza a minti na ƙarshe."

22/ Ban ma taɓo hukunci ba. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san inda Suratul Ma'ida ta ajiye caca, kusa da giya. Hisba ta sha rufe shagunan caca a Kano, amma shagon yanzu yana cikin aljihu, yana bin yaro har ɗakin kwanansa. Wannan sai mu, yayye da abokai.

23/ Ku kuma masu cewa "ƙarya ce, a daina kallo", ban bi ku ba. Sakamakon ne rubutacce, faɗuwar ta gaske ce. Cody ya yi wasa a 2022 da tsoka a yage, rabin ƙirjinsa ya yi baƙi. Owen Hart ya faɗo daga saman zauren wasa ya mutu a 1999. Sana'a ce mai wuya. A kalle ta a matsayin wasan kwaikwayo, a yi musu, a yi dariya.

24/ In gasar da ba a rubuta ba kuke so, ai muna da ita. Kokawar kaka a bakin kasuwa. Dambe a dandalin Ado Bayero, Kudu da Arewa da Guramada. Takobin Nijar da aka fara a Tawa a 1975, inda irin su Issaka Issaka na Dosso suka yi suna. A can ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

25/ Kuma ba cewa na yi ku kai cacar can ba. Duk wasan da kuɗin caca ya yi wa yawa, wata rana sai an samu mai sayar da faɗuwarsa. Ranar nan alƙalami ya shigo gidan dambe, mun rasa abin da ya bambanta namu da nasu.

26/ Ni dai na ajiye sarautar Malam Duba. Har gobe ina kallo, har gobe ina canka a raina. Amma in yaro ya tambaye ni wa zai ci, sai na fara tambayarsa: kuɗin wa ke hannunka? Ƙanena ya biya Baba da ƙwadagon noman rani a bakin dam ɗin Thomas, wata uku cur yana ban ruwa a gonar wani.

27/ Yaran garinmu da ke cikin guruf ɗin nan, na ga lambobinku, ba zan kira suna ba. Ku fita yau. Damina ta kusa, kun san kuɗin me ke zaune a wayoyinku. Wanda bai fita ba zuwa Juma'a, ina nan zuwa gida hutu, kuma na san ƙofar gidan kowa.