Daga Tsakar Gida: Hakin da ke fitowa a tsagar daɓe

Ruwa ya sauka, gero ya tsira a gona, amma haki bai tsaya gona kaɗai ba. Ga shi a tsagar simintin tsakar gida, ga shi tsakanin pabe a ƙofar gida, har gindin pampo.

Ranar zubin da ya wuce, wata ƴar ƙungiyarmu ta ce za ta roƙi maigidanta ragowar maganin feshin gona ta watsa a daɓenta ta huta. Na ce mata: "Yaya, tsaya tukuna. A kan daɓen nan kike shanya kuɓewa da tattasai. Nan ɗanki ke rarrafe yana kai hannu baki, nan kajinki ke kiwo." Kuma abin da aka fesa a siminti, ruwan sama ne zai wanke shi ya kai kwata da gindin itatuwa. Wanda ake ɗurawa a kwalba marar takarda a kasuwa kuwa, ko mai sayarwar bai cika sanin abin da ke ciki ba.

Haki ba daga siminti yake fitowa ba. Iska ce ke tara ƙura da rairayi cikin tsaga tun rani, haɗe da ƴaƴan haki. Ruwan farko na taɓa su sai su tsira. Don haka maganin farko tsintsiya ce mai ƙarfi. Ki bi tsagar ki kwashe ƙasar da ta taru.

Wanda ya riga ya fito, ki cire shi washegarin ruwa, ƙasa na da laushi. Tsohuwar wuƙa ta isa ki tono shi da saiwarsa. Kar ki jira ƙarangiya da tsidau su yi ƙaya wajen Satumba. In suka zubar da iri, kin shuka na baɗi da hannunki.

Sai tafasasshen ruwa. Itace na da tsada, ba sai kin hura wuta don haki ba. Ruwan da kika dafa rogo, dankali ko ganye, maimakon ki zubar a kwata, ki tsiyaya shi a tsagar yana da zafinsa. Ki kori yara tukuna, ki sunkuya ki zuba a hankali don kar ya fantsamo miki. Ƙaramin haki sau ɗaya ya ishe shi. Aya-aya mai ƙwaya a ƙasa za ta sake tohowa, sai kin maimaita duk sati ko sati biyu har ta gaji.

Gishiri kuwa ki bar shi a miya. Yana cin siminti, yana kashe ƙasa, zogalen da ke gefe shi zai sha wahala.

In damina ta wuce, ki toshe tsagar: tiya 1 ta siminti, tiya 3 ta rairayi, a kwaɓa a cusa, a riƙa yayyafa ruwa kwana 3. Maƙwabta huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya su raba.

Yayar tamu ta fasa feshin, ta ce wuƙa za ta nema. Allah ya ba mu damina mai albarka, sai fitowa ta gaba.