Gyara Kayanka: Ɗaurin amortisar na bayan babur



Ƙarafan nan biyu masu naɗaɗɗiyar waya a bayan babur, su ne amortisar. Su ke shanye gargadar hanya. In mai yana tsiyaya a jikinsu, sun mutu. Canza biyun tare.

Kada ka sa awartaki ko guduma. Nemi lakile daidai da kan noti. Fara ɗaurawa da hannu. Sauke babur bisa ƙafafunsa, wani ya zauna, sannan ka ƙarasa ɗauri. In ba haka ba, robar ciki za ta murɗe ta tsage.

Ɗauri yana da awo. A yawancin ƙananan babura, in tsawon lakile santimita 25 ne, ƙarfin kilo 14 ya isa, kamar nauyin tiya 5 ko 6 na hatsi. Kada ka taka lakile da ƙafa: ƙarfe zai karye. Ɗauri sako-sako kuma yana kayar da mutum da buhunsa.

In kana shakka, ranar Alhamis in ka zo kasuwar Dole, nemi makanise a Zango mai lakilen awon ƙarfi.

Sai wata mai zuwa.