Wutar da Ake Kashewa a Garejojin Jimeta

Duk wanda ya saba shiga motocin haya a tashar Jambutu, ko ya zauna kusa da direba a kan hanyar da ta haɗa Jimeta da cikin garin Yola, in dai yana da lura, ba zai rasa ganin wata 'yar wuta mai ruwan ɗorawa tana ci a bayan sitiyari ba, wadda in ya tambaya za a ce masa ai tun da aka cire indomi take haka, kuma ba ta hana mota tafiya. Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina an raina mas'alar da ba ta cancanci raini ba.

Abin da makanikai ke kira indomi wani tubali ne mai dubban ƙananan ramuka da ke cikin salansa, wanda aka shafe da platinam da paladiyam da rodiyam, ma'adinan da galibinsu daga Afirka ta Kudu da Rasha ake haƙo su. Aikinsa shi ne ya karɓi hayaƙin inji yana da zafi, ya sauya gubar da ke ciki, musamman iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi balle wari, kafin ta fita bainar jama'a. A Amurka, inda Camry da Accord ɗinmu masu yawa suka fito, motoci sun fara zuwa da shi a 1975, kuma daga 1996 aka wajabta wa kowace mota ta riƙa binciken kanta: sensa ɗaya a gaban indomi, ɗaya a bayansa, kwamfutar mota tana gwama abin da suka faɗa. Idan hayaƙin da ya shiga da wanda ya fita suka zama iri ɗaya, sai ta fahimci babu mai tacewa, ta rubuta lambar P0420, ta kunna wuta. Ashe wutar ba ta lalace ba. Shaida ce adala da ta faɗi abin da ta gani.

Hujjar masu cirewa ita ce mota za ta ƙara ƙarfi ta rage shan mai, maganar da ta sami karɓuwa ainun bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Haƙiƙa indomin da ya toshe yana shaƙe inji, amma lafiyayye ba ya hana mota komai da direba zai ji. Abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba shi ne tubalin nan yana da masaya, saboda tsadar ma'adinan da ke jikinsa, har rodiyam ya taɓa ninka zinariya a farashi sau da yawa a 2021, kuma sau tari wanda ya ba da shawarar a cire shi ne zai kai shi kasuwa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Da wuta ta kama, maimakon a nemi sababi, sai wani ya zare ƙwan, wani ya liƙe wurin da baƙin salatif, wani kuma ya ɗaura wa sensar baya ɗan ƙarfe don ta janye daga hayaƙi ta yi wa kwamfuta ƙarya. Alhali wannan wuta guda ita ce ke ba da labarin fulogin da ya mutu, da koyil ɗin da ya gaza, da sensar gaba wadda in ta ɓaci mota kan zuƙe mai ba ƙaƙƙautawa, kuma ita ce ke ƙyaftawa idan inji ya fara tsallake wuta. Wanda ya kashe ta, ko ya bar ta tana ci dare da rana har idonsa ya saba, ya toshe wa kansa duk wannan labari, sai ranar da mota ta tsaya masa a hanyar Numan cikin zafin Afrilu, da iyali a ciki. Hayaƙin kuwa, masu tallar bakin kasuwar Jimeta da fasinjojin keke ne ke shaƙarsa, su da ba a yi shawara da su ba.

Idan aka zo ga ciniki, al'amarin ya shiga babin halal da haram. Almajirin da ya karanta babin saye da sayarwa a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an hana algus da ɓoye aibi, kuma fuƙaha'unmu na Malikiyya sun ba mai saye damar mayar da haja idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Dillalin da ya san an kwashe indomi an kashe wuta, ya kuma yi shiru, ban ga ta inda zai kuɓuta daga wannan hukunci ba.

Na san sabon indomi ya fi ƙarfin aljihun direbobi da yawa, kuma ba na zargin wanda larura ta tilasta wa cire matacce. Sai dai ya fara sa a jona wa motar na'urar karanta lamba, domin indomi ba ya cika mutuwa haka kawai, galibi fulogi ne ko inji mai ƙona baƙin mai ya kashe shi. In an cire, makanike ya danƙa tubalin a hannun mai shi, a bar ƙwan wutar a mazauninsa, a riƙa duba lambobin lokaci lokaci. Shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a Adamawa suna da ikon mayar da wannan ƙa'ida a garejojin mambobinsu, kuma mai sayen mota ya murɗa makulli kafin ya tayar da inji, ya tabbata wutar ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi.