Araha ba ta ado, amma tana saiti

Hausawa na cewa araha ba ta ado. To amma a fagen farauta saiti ake nema, kuma a ganina a nan ne karin maganar ya gaza.

Bindiga mai sakata, wato wadda maharbi ke jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi, tsohuwar fasaha ce. Har yau ana kwaikwayon ƙirar Mauser ta Jamus ta 1898. Sauƙin ƙirar ne ya ba kamfanonin Amurka irin su Savage da Ruger damar sayar da masu rahusa, waɗanda sau da yawa kan tara harsasai cikin faɗin inci 1 zuwa 2 a tazarar yadi 100.

Gyaran da mafarautan can ke yi mata ba shi da tsada. Sukan tabbatar bututun bai taɓa katakon da ya zauna a kai ba, domin taɓawar na sauya girgizarsa yayin harbi. Sukan daidaita kunama, su ɗaure madubin hange tamau, sannan su gwada harsasai iri-iri har su sami wanda ya karɓi bindigar.

Dakarun sa-kai na arewacin Kanada sun riƙe Lee-Enfield tun 1947, kimanin shekaru 70, saboda ba ta cijewa cikin tsananin sanyi.

Don haka duk hukumar da ke saya wa masu gadin gandun daji makamai, ta ware kuɗin horo da na harsashin gwaji tukuna. Makami mai tsada a hannun wanda bai ƙware ba asarar dukiya ce, wani lokaci har da ta rai. Allah Ya sa mu gane.