IPAD A AJIN 'YA'YAN TALAKAWA: GANI GA WANE...

A shekarar 2013 hukumar makarantun gwamnati ta birnin Los Angeles da ke jihar Kalifoniya a Amurka ta yi shelar cewa za ta ba kowane ɗalibi, cikin yara sama da 600,000, allon kwamfutar nan da ake kira iPad. An ƙiyasta shirin zai ci sama da dala biliyan 1. Kamfanin Apple zai kawo na'ura, kamfanin Pearson kuma zai zuba darussan Turanci da lissafi a cikinta. Aka ce wai ta haka ɗan talaka zai kamo ɗan mai kuɗi a karatu.

'Yan uwa, su wane ne waɗannan yara? Kusan kashi 3 cikin 4 'yan asalin Latin Amurka ne, galibi daga Meziko da maƙwabtanta, 'ya'yan leburori, masu wanke-wanke da masu aikin gini. Da yawansu Sifaniyanci suke yi a gida, makaranta kuma Turanci. Matsalar takan fito fili ne a makarantar tsakiya, wato aji 6 zuwa 8, lokacin da yaro yake shekara 11 zuwa 14. A nan babu mai sake koya masa haɗa baƙi. Za a miƙa masa littafin kimiyya da na tarihi ne a ce ya karanta ya fahimta. Wanda kalmominsa na Turanci ba su da yawa, daga nan ake barin sa a baya.

Kuma ba ƙaddara ce kawai ta jefa su cikin wannan hali ba. A 1968 dubban ɗalibai 'yan asalin Meziko suka fice daga azuzuwa a gabashin birnin, suna neman a daina wulaƙanta harshensu, a ba su malamai na ƙwarai. A 1998 jihar ta kafa dokar da ta taƙaita koyarwa da harsuna biyu, ba a warware ta ba sai 2016. Wato an ƙuntata wa yaro harshen uwarsa, sannan aka zo masa da na'ura a matsayin magani!

To me ya faru? Cikin 'yan kwanaki da fara rabo, ɗaruruwan ɗalibai, ciki har da na sakandaren Roosevelt, suka warware makullin da aka sa wa na'urar suka shiga Facebook da YouTube. Malamai suka yi kukan ba a horar da su yadda ya kamata ba, darussan Pearson kuma ba su kammala ba. Kuɗin ma daga bashin gina makarantu aka ɗebo, wanda jama'a za su yi shekaru suna biya bayan na'urar ta daɗe da mutuwa. Shugaban hukumar, John Deasy, ya yi murabus a Oktoban 2014. A Disamba jami'an FBI suka kwashe takardun kwangilar, ko da yake an rufe binciken ba a gurfanar da kowa ba. A 2015 Apple ya yarda ya mayar da dala miliyan 4.2. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Kar wani ya ce muna ƙyamar zamani ne. Na'urar tana da amfaninta: tana iya karanta wa yaro rubutu da murya, ta fassara masa kalmar da ta shige masa duhu, ta zaɓo masa labari daidai ƙarfinsa. Amma ba ta gane cewa yaro ya bi shafi da ido ne kawai bai fahimta ba, ba ta kuma sanin wanda ya zo aji da yunwa. Wannan aikin malami ne. Ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki da kanta ta faɗa a rahotonta na 2015 cewa ƙasashen da suka zuba dukiya a kwamfutocin makaranta ba su ga wani ci gaba na a zo a gani a karatun ɗalibai ba. Ɗan jari-hujja kuwa, in ya dubi aji, kasuwa yake gani.

Dubi abin da Manzon Allah (S) ya yi bayan yaƙin Badar. Fursunan da ba shi da abin fansar kansa amma ya iya rubutu, sai aka ce ya koya wa yara 10 na Madina, a sake shi. Malami aka nema, aka zaunar da yara a gabansa.

Saboda haka, ya kai ɗan uwa, duk ranar da wani gwamna ya tara 'yan jarida yana raba irin wannan allo, kamar yadda aka yi a jihar Osun a 2013, ka tambaya: malamai nawa aka horar, an biya su albashi, wa kuma aka ba kwangilar? Sannan ka tambayi kanka. Wayar da ke aljihunka tana iya ɗaukar littattafan da suka fi ƙarfin jaki, amma shafi nawa ka karanta a makon nan? Ka nemi malami ka durƙusa a gabansa, ka kuma tara ƙannenka ko uku ne bayan Magariba ku yi karatu da baki, da Hausa da Larabci da Turanci. Al'ummar da ba ta karatu, azzalumai ba sa shan wahalar juya ta.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.