Ajiya Daban, Ɓoyo Daban

A gidaje da yawa akan yi wata 'yar taƙaddama wadda ba a ɗaukarta a bakin kome. Uwa ta aiki 'yarta mai shekara shida niƙa, yarinya ta komo da canji, uwa kuwa hannunta yana cikin kwaɓi, sai ta ce, "Je ki ajiye mini." Can da la'asar a tashi sayen gawayi, a nemi kuɗi a rasa, a birkice ɗaki, daga bisani a same su cikin wani tsohon takalmi a ƙarƙashin gado, an cusa tsumma a kai. Uwa ta ce, "Wa ya ce ki ɓoye? Cewa na yi ki ajiye." Yarinya ta tsaya tana kallonta, domin a wurinta duk ɗaya ne. An ce ta kawar da abu daga idon mutane, ta kuwa kawar.

To, laifin ba na yarinya ba ne. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya rarrabe mata waɗannan kalmomi biyu, alhali kuwa tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Hausa ba ta yi rowar kalmomi a wannan fage ba. Daga ajiye aka sami ajiya, watau abin da aka danƙa wa mutum ya riƙe, aka sami ma'ajiya, aka kuma sami Ma'aji, mai riƙon baitulmali tun zamanin En'e, wanda har yau sarauta ce a masarautu da dama. Ga adana, ga tanadi, ga tattali, dukansu 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma babu wadda mutum zai ji kunya in an jingina masa ita. Daga ɓoye kuwa sai ɓoyo da ɓuya da maɓoya. Ba a taɓa naɗa wa kowa rawani don ya iya ɓoyo ba.

Wanda yake son ya ga bambancin da idonsa, sai ya dubi rumbu. Manomi yakan gina shi a fili, ya ɗora shi bisa duwatsu saboda gara da danshi, ya yi masa jinka, duk mai wucewa yana ganinsa. Matan gida sun san abin da ke ciki, maƙwabci ya san dami nawa aka zuba, an kuma san lokacin da za a buɗe. Hatsin a rufe yake, amma ba a ɓoye yake ba. Haka uwar adashi: kuɗin mutane suna hannunta, kowa ya san nawa ne, kowa ya san ranar kwasarsa. Ajiya ke nan. Tana da mai ita, tana da wanda ya shaida, tana da ranar fitowa, shi ya sa Hausawa suka ce ajiya maganin wata rana. Ɓoyo kuwa ba ya tsayuwa sai an rufe wa wani ido, ran da wannan mutum ya gani, ɓoyo ya ƙare. Saboda haka tambayar da ke raba su gajeriya ce, har yaron da bai shiga firamare ba yana iya riƙe ta: wa ya sani, kuma wa ake gudun kada ya sani?

Mai karatu zai iya cewa wannan magana ce ta malaman nahawu. A'a, ƙasar nan ta sha rikici a kanta. A cikin watan Oktoba na 2020 jama'a suka fasa manyan ɗakunan ajiya a Ikko da Jos da Kaduna da Ilori da Kalaba da wasu garuruwa, suka yi ta kwasar buhunan shinkafa da sukari da taliya, kayan da aka tara domin agaza wa talakawa a lokacin kullen cutar korona. Da ƙura ta lafa, gardamar da aka yi ba ta wuce kalmomin nan biyu ba. Hukumomin jihohi suka ce ajiyewa suka yi, wasu suka ce suna jiran lokacin rabo ne, wasu suka ce tanadi ne ko da cutar za ta sake dawowa. Talakawa suka ce ɓoyewa aka yi. Wawason dukiya dai ba abin yabo ba ne, an kuma yi hasarar rayuka a turmutsitsin wasu wurare. Amma fa da tun farko an fito an ce ga buhu kaza a wuri kaza, za a raba ran kaza, da wuya a sami mai kiran abin ɓoyo. Rashin shaida shi ya mai da ajiya abin zargi, ko da niyyar masu ita mai kyau ce.

Dattawa ba su manta da 1984 ba, shekarar da gwamnatin soja ta Janar Buhari ta shiga yaƙi da masu ɓoye kayan masarufi, sojoji suna buɗe shaguna ana sayar da madara da sabulu da sukari a farashin gwamnati, mutane sun yi dogon layi. A cikin Afrilu na wannan shekara aka canja launin takardun naira, aka ba da 'yan kwanaki kaɗan na musanya, waɗanda suka binne kuɗi a tukwane suka shiga uku. Bayan shekara talatin da takwas, a 2022, Babban Banki ya sake fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, yana mai cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na tsabar kuɗin ƙasa ba sa cikin bankuna. Tsohuwar da ta ƙulle 'yan kuɗin jana'izarta a bakin zane, da ƙaton da ya cika ɗaki da kuɗin da ba ya iya faɗin inda ya samo su, duk aka yi musu kuɗin goro, wahalar kuwa ta fi faɗawa kan tsohuwar.

Manyan da ke rikita kalmomin nan a ofis da kasuwa ba daga sama suka faɗo ba, a tsakar gida suka koya. Mai bin bashi ya yi sallama, uba yana kishingiɗe a ɗaki, ya ce wa ɗansa, "Je ka ce ba na nan." Uwa ta sayar da mudu biyu daga hatsin cefane, ta ja kunnen 'yarta, "Kada ki kuskura Babanki ya ji." A gidan da ake kishi kuwa abin ya fi muni, don akan mai da yara 'yan leƙen asiri, kowane ɗaki yana koya wa nasa abin da za a rufe wa ɗaya ɗakin. Sa'an nan a juya a kira wannan riƙon amana, a yabi yaron da cewa yana da ciki. Yaro kuwa ba wawa ba ne. Yana lura da cewa an fi yaba masa ran da ya rufe gaskiya bisa ran da ya faɗe ta.

Duka ma yana da nasa rabo a cikin wannan ɓarna. Yaro ya fasa kofi, ya zo da kansa ya faɗa, a zane shi. Gobe in ya fasa wani sai ya tura gutsattsarin bayan randa. Bulala ba ta koya masa hattara ba, wurin tura gutsattsari ta koya masa.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen tsaron yaran kansu. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda suka sami wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Galibin masu aikata wannan ta'asa ba baƙi ba ne, mutane ne da yaron ya sani. Makaminsu na farko kuwa ba wuƙa ba ce, magana ce mai taushi da 'yar alewa: wannan tsakaninmu ne, ka riƙe mini amana, kada kowa ya ji. Watau sukan ari rigar ajiya su sa wa ɓoyo. Yaron da aka saba masa a gida da cewa ɗa nagari shi ne mai rufe abin da babba ya ce a rufe, an riga an share wa mugu hanya. Amma wanda aka koya masa cewa duk abin da aka ce kada Inna ta ji, ko kada Baba ya ji, shi ne abin da za a fara kai musu, yana da abin kare kansa ko da iyayensa ba sa kusa. Sai dai wannan koyarwa ba ta da amfani in iyaye ba su cika nasu alkawari ba, watau ran da yaro ya zo da magana mai ɗaci a saurare shi, kada a ce ya yi wa babba ƙazafi, kada kuma a rufe bakinsa don gudun abin kunya a dangi.

Kada a ɗauka cewa kowane rufi mugu ne. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, in ji masu iya magana, gidan da yaransa ke kwashe duk abin da aka yi a ɗaka su kai dandali kuwa ba gida ba ne. An kwana ba a ɗora tukunya ba, wannan rufin asiri ne, ba na maƙwabta ba ne. Sadakar da aka bayar a asirce abar yabo ce. Ana ɓoye wa mai rarrafe ashana da reza da maganin ɓera, ana ɓoye wa ƙaramin yaro ɗinkin Sallarsa har ranar ta zo. Abin lura shi ne, a duk waɗannan babu wanda aka tauye wa hakki, kuma yawancinsu suna da ranar ƙarewa. Ɓoyon da ake gudu shi ne wanda aka yi wa mai hakkin sani, wanda kuma aka ce har abada. Likita da malami da iyaye ba a rufe musu ciwo, kamar yadda ba a ɓoye wa abokin wanka cibi.

Malaman Islamiyya suna da misali a hannu wanda ya fi kowane. A shekarar Hijira, 622 Miladiyya, sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai bar Makka, ya fita a asirce, ya kuma ɓuya a kogon Sauru tare da Sayyidina Abubakar, domin masu neman ransa ba su da hakkin sanin inda yake. Amma ya bar Sayyidina Ali a baya musamman don ya mayar wa mutanen Makka kayan da suka ba shi ajiya, alhali cikin garin ne ake ƙulla kashe shi. Ga ɓuya ga ajiya a dare ɗaya, kowace a muhallinta. Yara sun san wannan labari, sai dai ba kasafai ake nuna musu wannan gefe nasa ba.

Koyarwar kanta ba ta bukatar allo. A ba yaro wuri nasa sananne, ko ɗan kwando ko gwangwani, inda littafinsa da fensirinsa za su riƙa kwana. A saya masa asusu na ƙasa, a riƙa jefa masa abin da ya samu a gaban kowa, a fasa tare da shi ana jibi Sallah, ya ƙirga da hannunsa. Uba ya miƙa masa naira ɗari biyu a gaban uwarsa, ya ce, "Riƙe mini wannan sai Juma'a." Ran Juma'a kuwa kada uba ya manta, don in ya manta darasin ya rushe, ya tambaya a gaban wadda ta shaida, in kuɗi sun fito cif ya sa masa albarka da babbar murya. In ba su fito ba, a tambayi yadda aka yi kafin a nemi bulala. Ita ma uwar da ta aiki 'yarta niƙa, kalma uku kacal suka rage mata a cikin umurninta. Da ta ce, "Je ki ajiye mini a cikin kwalla," da la'asar ko ba ta nan, kowa a gidan yana iya ɗaga murfi ya ɗauko kuɗin gawayi.